Rijiyar Gwaggo Rifkatu

Daga Wusasa aka aiko:
tsohuwar rijiya ta rufta da damina,
in zo da diga da igiya.
Ƙanwar ubana ce.
A Kwarbai ba ma faɗin haka,
sai mu ce wata tsohuwa mai ba ni aiki.

Na yi bisimilla na sara ƙasa,
ta ce amin daga bakin murhu.

Kamu ɗaya: leda, murfin kwalba,
kan 'yar tsana, cokali mai lanƙwasa.
Kamu biyu, ƙasa ta yi baƙi.
Gawayi. Ƙusoshi sun manne da juna
kamar 'yan'uwa a daren tsoro.
Gilashin fitila ya narke ya zama ƙwallo.
Na ɗago kai. Tana tsaye da zaninta a ƙirji.
"Nan ɗakin Istifanus yake," ta ce,
"shekarar da aka zo da fetur."

A gidanmu labarin ya daɗe da gogewa:
wai Baba ya ruga Wusasa ran nan
ya tsaya a ƙofarta da sanda.
Na ce, "Gwaggo, Baba ya zo?"
Ta ce, "Ya zo."
Ƙofa tana da ciki da waje.
Ba ta ce wanne ba.

Na ci gaba da sara, don diga ba ta tambaya.

Can ƙasa da toka, 'yar kurtun tawada,
bakinta a fashe, cikinta har yau baƙi.
Ta kakanmu ce, Malam Zubairu,
da ya kawo gyambo asibitin mishan,
ƙafa ta warke, ya koma birni,
'yarsa ta zauna koyon allura,
ya ce a daina kiran sunanta a zaure.

Ƙasa da wannan, tsingaro ja
mai zanen da ba baƙi ba, ba boko ba,
da kashin maƙera irin na gindin Kufena.
Waɗannan ba su da mai kuka.
Liman ya ce arna, fasto ya ce arna,
a kan su kaɗai baki ya zo ɗaya.
Amma hancinsu ne a fuskata,
shi ne a fuskar Gwaggo.

A firamare mun jera mun ɗaga hannu,
ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya,
kore da fari yana kaɗawa bisa gora.
Ranar da ta je yankar katin ɗan ƙasa
yaron ofis ya duba takarda ya ce,
"Mama, Bahaushiya kuma Kirista?
Ɗaya daga ciki kuskure ne, a gyara."
Ta ce, "Ɗana, kakarka a ina aka binne cibiyarta?
Tawa tana Ƙofar Gayan."

Gaba shida. Sama ta koma faifai.
A nan ƙasa ƙararrawa da kiran salla
sai sun gauraya kafin su iso ni,
ban san wa ke kiran wa ba.
Sanyi ya kama tafin ƙafa.
Gaba bakwai, ido ya buɗe,
ruwa ya taso ja, da laka, da ɗacin toka.

Na cika guga na girgiza igiya.
Ta leƙo: "Ba a shan na farko.
Bar shi ya kwana."
Na ce, "Gwaggo, batun Baba..."
Ta ce, "Hashimu, fito, la'asar na wucewa.
Ga buta, ga tabarma, gabas ta wajen mangwaro."

Da magariba na shiga Kwarbai.
Ɗana Mu'azu ya karɓi diga,
ya ce, "Yau rijiyar wa?"
Na dubi farcena. Na wanke sau uku a alwala,
baƙin bai fita ba.
Na buɗe baki,
ladan ya riga ni.